Ranar da Uwaliya Ta Ɗaga Ido

Kun san yadda aka yi Datti ya fara ganin ƙwayar idon yayata Uwaliya? To, ku matso.

Lokacin Turawa ba su daɗe da tafiya ba. Duk Likoro ana cewa ba mai kunya kamarta, kullum ido a ƙasa, magana ciki-ciki. Datti ya riƙa zuwa daga Maƙarfi yana yaba kunyar nan. Ashe ciwo ne. Fatar idon ce ke faɗowa, kafin la'asar ko taɓarya ba ta iya ɗagawa. Sai da aka kai ta babban asibiti, likita ya buɗe ƙirjin ya cire wani ɗan nama a bayan ƙashi, sannan ƙarfi ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan.

Da kaka Datti ya zo zance. Ta shiga zaure, ta gaishe shi, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Shi ne fa ya sunkuyar da kai, yana murza bakin riga.

Ta ce, "Malam Datti, kunyar da kake yabo dai likita ya cire ta. Saura tabo a ƙirji, da surutu. In ka fasa, ba ka yi laifi ba."

Ya ci gaba da murza bakin rigar har ta fidda rai. Can sai dariya ta ƙwace masa.

Ya ce, "Shekara biyu ina tuƙo keke, a raina ina cewa ganina ne ba kya so. Dube ni da kyau, Uwaliya. In na yi miki, gobe baffana zai zo."