Ɗan Tsuntsun da Iska Ta Kayar a Gonar Koko

Share hawayenki, Tabawa, ki matso kusa. Kin ce yaron da kika riƙa tun yana goye ya girma, ya ce zai je ya nemi dangin mahaifinsa, kuma zuciyarki tana gaya miki kin yi wahalar banza. Bari in ba ki wani misali.

Wani mutumin ƙasarmu ne neman abinci ya kai shi wani tsibiri a tsakiyar teku, yana aiki a gonar koko da ke bakin kurmi. Ba shi da kowa a can. Wata safiya bayan an yi ruwa da iska, ya tsinci ɗan tsuntsu a gindin bishiya, ya jiƙe sharkaf, gashinsa bai gama fitowa ba, sheƙarsu kuma ta tarwatse. Ya sa shi cikin hularsa ya kai ɗaki. Ya jiƙa gero ya ba shi, ya ƙi ci. Ya marmasa masa tuwo, ya kau da kai. Har ya fara lumshe ido, sai wata tsohuwa 'yar tsibirin da ke sayar wa ma'aikatan gonar da ayaba ta duba shi, ta ce wannan ba mai cin hatsi ba ne. Irinsu a ƙarƙashin manyan itatuwa suke zama, inda rana ba ta kaiwa ƙasa, suna tona ruɓaɓɓen ganye suna cin tsutsa da gara da ƙananan ƙwari, idan ɓaure ya nuna su ɗan taɓa, su sha ruwan da ya taru a kan ganye. Daga ranar, kafin mutumin ya fita aiki sai ya shiga kurmi ya durƙusa yana birkita ganye da hannu, cinnaku na cizonsa, ya dawo da abin da ya samu a gwangwani. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, wai ya yi haihuwa ba a gaya musu ba. Tsuntsu ya murmure, ya yi gashi, ƙirjinsa ya yi ja kamar manja, har yana hawa kafaɗarsa. Kullum mutumin yana yi masa fito da irin kukan tsuntsayen garinsu, yana fatan idan ya buɗe baki shi zai yi, ya riƙa ɗebe masa kewar gida.

Ran nan wani tsuntsu ya rera daga cikin kurmi, murya siririya mai hawa da sauka kamar sarewa. Na kafaɗar mutumin ya tsaya cak, ya karkata kai, maƙogwaronsa ya kumbura, ya amsa da irin muryar sak, wadda ba wanda ya taɓa koya masa. Abin ya sosa wa mutumin rai. Ya yi kwanaki yana rufe taga, sai ya ga tsuntsun ya rage ci, yana ta bugun ƙyaure da fuka-fukai. Sai ya ɗauke shi a tafin hannu ya kai shi bakin kurmi, ya ce, "Je ka, ɗana. Ni abinci na ba ka, muryar kuwa ta gidanku ce." Tsuntsu ya tashi ya shige cikin duhuwa. Mutumin kuwa bai rasa shi ba. Da yake irinsu ba sa yin nisa da wurin da suka zaɓa, duk safiyar da mutumin ya sa fartanya a gefen kurmi, sai ya ga mai jan ƙirji ya sauko yana bin bayansa, yana tsince tsutsar da ya tono. Daga baya ma tsuntsun har da matarsa yake zuwa.

To, Tabawa, ki haɗa wa yaron nan guzuri, ki sa masa albarka da bakinki, kada ya tafi da nauyin zuciya. Ba butulci ya yi miki ba. Ai Hausawa sun ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.