Ƙaramin Ɗakin Bayan Kicin

Mai zanen tana tsakiyar nuna wa masu gidan zanen gyaran gidan a kwamfuta, sai ta yi turus. Jiya da hannunta ta shafa wa ƙaramin ɗakin bayan kicin jan launi, alamar rushewa. Yanzu jan ya ɓace, layuka shuɗaye masu kama da saƙa sun cike ɗakin.

"Yi haƙuri, Mama, kuskure ne. Bari in gyara."

Tsohuwar mai gidan ta riƙe mata hannu. Babban ɗanta, wanda ya matsa a rushe ɗakin, ya sunkuyar da kai.

"Bar shi, 'yata. Haka saƙar bargon autana take. A ɗakin nan ya rasu, da shi muka lulluɓe shi."