Manhajar Tada Ɗalha

"In ka sake makara, na sallame ka," in ji Oga Lanre, mai shagon waya a Kankiya, ga yaron shagonsa Ɗalha.

Ɗalha ya koma gida Kusada ya haɗa manhaja a wayarsa. Ya ba ta izinin sauya rubutun kanta har ta gano abin da zai tada shi daga barci.

Da asuba ta gwada carar zakara, ta koma kalangu. Ɗalha na ta munshari. Sai ta yi shiru.

Can sai ga ruwan randa a fuskarsa. Ya zabura, ya ga mahaifiyarsa tsaye da moɗa.

"Inna! Lafiya?"

"Wayarka ta kira ni, ja'iri. Wai dabararta ta ƙare, in zo da tawa. Tashi, motar Kankiya ta kusa cika!"