Ruwan Kofi da na Kwalba

Ina aji uku a Kura wata baƙuwa ta zo gwada ƙwaƙwalwarmu. Hedimasta ya ce wanda ya faɗi zai maimaita aji. Sai aka kira ni gabanta.

Ta zuba ruwa daidai a kofi biyu, ta juye ɗaya cikin doguwar kwalba.

"Yarinya, wanne ya fi yawa?"

"Na kofi, Malama. Baba ya ce duk ruwan da ya baro kanal ɗin ban ruwa zuwa gonar tumatir, sai hanya ta ci rabonta. Ga ɗigo uku nan a tebur."

Ta dube ni, ta yi rubutu mai tsawon hanyar Kadawa.

Na wuce zuwa aji huɗu, amma har yau ban sani ba, haziƙa ta rubuta ko sarkin surutu.