Ranar da Agogo Ya Makara

Saude ba ta nan. Tun da aka kai ta makwancinta a ƙarshen damina, mijinta Malam Halilu bai ƙara tayar da fijonsa ba. Motar na ajiye a ƙofar gida a Zariya, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta, shi kuwa daga ɗaki sai masallaci.

Wata Juma'a a shekarar 2004 sai ga Makau, abokinsa tun sakandare, ya yi sallama da 'yar jakarsa.

"Agogo, tashi ka shirya. Gobe 'yan ajinmu ka taruwa Gummi. Kai anka ce ka buga ƙararrawar buɗe taro da azahar."

"Ba ni zuwa."

"Shi ke nan. Sai in ce musu ka makara."

Wannan kalma ce Halilu bai iya haɗiyewa. Shi ne mai buga ƙararrawa a makarantarsu, kuma har suka gama bai taɓa yin latti ba, abin da ya jawo masa sunan Agogo ke nan. A cikin abubuwan da yake tinƙaho da su, wannan kaɗai ya rage masa.

"Wa ya kira taron?"

"Manya sunka kira."

Halilu ya ce ai bai ma san inda makullin motar yake ba. Makau ya ce ya duba cikin kwallar da ke saman kabad. Yana ciki kuwa. Hankalin Halilu na kan batir da mai, bai tsaya mamaki ba.

Ana idar da asuba suka ɗauki hanya. A Funtuwa Makau ya ce in bai sha shayi ba kansa zai tsage. A Gusau ya tuna cewa hularsa ba ta shiga taro, ya shige kasuwa ya yi ta gwaji kamar ango. Halilu na cikin mota yana matsa oda, yana duban tsintsiyar hannu.

A Anka suka tarar da Haladu, shi ma ɗan ajinsu, zaune a benci bakin titi cikin babbar riga, da kula biyu a gabansa.

"Abincin taro ne," in ji shi. "Kai, Agogo! Ina gashin kanka ya tahi?"

"Inda haƙoranka sunka tahi. Shiga mu wuce."

Ba su yi nisa ba Haladu ya ce zafi zai ɓata miyar. Suka ratse gindin wata tsamiya, aka buɗe tuwon shinkafa da kaza. Halilu ya ce shi ba abinci ya fito ci ba. Da aka rufe kula, ƙasusuwan gabansa sun fi na kowa yawa.

Saura Dalhatu a Bukkuyum, wanda ya fi kowa shan bulalar latti a zamaninsu. Halilu ya roƙe su a bar shi ya biyo motar haya. Makau ya rantse ba za a buɗe taro ba sai da shi. Haka suka saki babban titi, fijo na tsalle cikin ramuka. Suka iske Dalhatu bai ko yi wanka ba. Da ya ga dama ya fito, yana tafiya kamar mai taka ƙwai, da naɗaɗɗiyar tabarma a hammata.

A Bukkuyum azahar ta same su. Halilu ya sallame salla ya duba agogonsa. A karon farko a rayuwarsa, mutane na can suna jiran ƙararrawa, shi yana wani gari.

Cikin mota Dalhatu ya tuno ranar da aka ɓoye ƙarfen buga ƙararrawa, Halilu ya ruga kicin ya fizgo ludayin miya, ya yi ta dukan ƙararrawar, miyar kuka na fantsamo masa a riga, kuku na bin sa da muciya.

"Ni na ɓoye shi," in ji Haladu.

"Ƙarya kake, ni ne!" in ji Dalhatu.

Halilu ya fara zaginsu, zagin ya ɓalle ya koma dariya, har sai da ya taka burki ya share ido. Can ya tuna, ya murtuke, ya ƙara wuta.

La'asar ta yi sanyi suka shiga Gummi. Ƙofar tsohuwar makarantarsu a rufe take. Babu rumfa, babu kujeru, babu mota ko ɗaya. Halilu ya sauko ya gaida maigadi.

"Baba, har an watse?"

"Wa anka tara, Alhaji? Tun sahe awaki kaɗai na gani."

Ya waiwaya. Dalhatu ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin darbejiya, su ukun sun miƙe ƙafa, sun bar masa wuri a tsakiya.

"Makau, ina mutane?"

"Ga mu. Taro tun Zariya anka buɗe shi. Ka ci, ka yi hwaɗa, ka yi dariya, yanzu ruhewa ta rage. Zamna."

Halilu ya zauna. Makau ya gyara sabuwar hularsa, ya ɗaga hannu, sauran suka ɗaga.

"Ran da na zo dubiya asibiti, ka hita sayen magani, anka hwaɗa min inda makulli yake, anka ce, 'Ba shi hita don kansa, amma ku ce mishi zai makara.' Allah ya jiƙan wadda ta kira wanga taro, Allah ya sa Saude ta huta. Duk mai ji shi ce amin."