Faifan Maman Yara

Notin ƙarshe ya fita ba gardama, Injiniya ya jera shi a murfin kwalba, ya ɗaga bayan laftof ɗin matarsa.

Ba injiniya ba ne, malamin tarihi ne. Sunan ya samo shi ranar da ya gyara fankar falo ta koma juyawa da baya. Daga nan dutsen guga, daga nan firji. Duk Allah ya ji ƙansu.

Shi ya sa ya yi mamaki da Maman yara ta miƙa masa laftof ɗin da safe ba musu. Faifan ajiyar laftof ɗin ya cika, shi kuma ya sayo sabo mai faɗi, ya aro akwatin kwafa mai rami biyu: tsoho a hagu, sabo a dama, a danna maɓalli, komai ya ƙaura.

"Ka fara ajiye kwafi a wani wuri dai," ta ce, tana rungume da jakarta.

"Wannan aikin matsorata ne."

"To, Injiniya. Allah ya ba da sa'a."

A cikin faifan akwai bidiyon marigayiya mahaifiyarta: tana tsefe wa jikoki kai, tana dariya, tana yi wa surukinta tsiya. Babu shi a ko'ina sai nan. Kullum kewa ta taso, Maman yara takan kunna ta zauna ta kalla.

Cikin laftof ɗin tsaf, ko ƙura babu. Ya yaba wa tsaftar matarsa, ya ture 'yar sukudirebar gyaran gilashin idonta da ta bari a kan tebur, ya zare faifan. Ya soka biyun a akwati, ya danna, ya tafi haɗa shayi yana fito.

Da fitilar akwatin ta koma koriya, ya ɗaura sabon, ya kunna.

Baƙin allo.

Ya kashe, ya kunna. Baƙin allo, da ɗan rubutu fari a kusurwa mai cewa babu komai a ciki.

Bai damu ba tukuna, ai tsohon na nan. Ya mayar da shi, ya kunna.

Baƙin allo.

Nan ya dire kofin shayin. Dama wanda ya ara masa akwatin ya ja masa kunne: in ka juya su, fankon ne zai hau kan mai kaya ya shafe shi tas. Ya ƙura wa ramukan ido. Hagu ya sa tsohon? Hagunsa ko hagun akwatin? Ya zagaya tebur ya duba ta ɗaya gefen, abin ya ƙara rikicewa.

Gumi ya jiƙa masa singileti. Ya hura faifan, ya goga shi a riga, ya kara shi a kunne kamar mai sauraren numfashi. Ya yi masa addu'ar da bai taɓa yi wa firji ba. Babur ya tsaya a waje, ya zabura har ya zubar da notocin. Ashe na maƙwabta ne. Yana rarrafe yana tsintar su, muryar surukarsa kawai yake ji, wadda yanzu ya kashe karo na biyu da yatsa ɗaya.

La'asar ta yi, makulli ya motsa a ƙofa.

A durƙushe ta same shi.

"Maman yara... Mama ta tafi. Na goge ta."

Ta dubi baƙin allon, ta dubi akwatin, ta dube shi. Leɓenta ya fara rawa. Ta toshe baki da mayafi, ta shige ɗaki da sauri, ta turo ƙofa.

Ya lallaɓa ya kara kunne. Shessheƙa ce, irin ta wadda ta cusa fuska a matashi, har gadon na girgiza. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu a ka, ya rantse ko kwan fitila ba zai ƙara taɓawa ba.

A ciki kuwa, Maman yara ta share hawayen dariya, ta buɗe jakarta, ta warware hankici, ta shafa faifanta na gaskiya, wanda ta cire tun jiya ta maye gurbinsa da fanko. Bawan Allah, karon farko a rayuwarsa bai yi kuskure ba: babu ya kwafa a kan babu, daidai wa daida.