Tsinken Awon Takalmi

Baduku ya karɓi tsinken tsintsiyar da ta miƙa masa, ya ɗora a kan fata, ya yi murmushi.

"Mama, yaron nan naki ya kusa kamo babansa. Bara tsinken bai kai haka ba."

Ta gyaɗa kai kawai. Tun shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha take zuwa rumfarsa a Tunga gab da Kirsimeti, da tsinken da ta karya daidai tsawon ƙafa, ya ɗinka takalmi.

"Baɗi ki zo da shi in auna da hannuna. Tsinke yakan yi ƙarya."

"To, Malam. Allah ya kai mu."

Da ta koma Chanchaga, ta jera sabon a ƙarƙashin gado tare da sauran, kowanne ya ɗara na bara. Ƙafar ɗan maƙwabciyarta take aunawa, wanda aka haifa mako ɗaya da nata. A duk jerin, ƙaramin farko kaɗai aka taɓa sawa. Har yau da busasshen taɓo a jikinsa, yadda aka tsince shi a bakin kogi.